Ranar da Jirgi Ya Bar Sa'adu

Talata da dare, Bauci, 1962

Kai mai buɗe mini littafi a ɓoye, karanta da kyau, har da kai nake.

Yau jirgin ƙasa ya tafi ya bar ɗana Sa'adu, ga jarrabawar shiga kwaleji jibi a Kaduna. Wani jirgin sai Asabar. Tun jiya na ɗaure masa kaya, amma yau da safe mahaifinsa ya ce sai ya bi Ƙofar Wambai gida-gida ya sallami dangi. Na ce, "Malam, ƙarfe goma aka rubuta a tasha." Ya ce, "Ke da agogonki. Wane direba ne zai bar ɗan mutane?" Har yanzu mutanen gidan nan sun ɗauki jirgi motar kasuwa ce mai jiran fasinja.

Gwaggonsa ta zaunar da shi shan fura. Muna isa tasha, hayaƙi kawai muka hango. Yaron ya ɗauki kayansa muka juyo gida. Gobe sai babbar mota, in an dace.

Daga yau a gidan nan, jajibirin tafiya ake sallama. Wanda bai sa albarka ranar ba, ya sami matafiyi a tasha.