Gwangwanayen Inna

Litinin, 3 ga Maris

An kwantar da Inna, uwar mijina, a asibiti. Santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugu ya karye. Ana ɗora ta a mota ta riƙo hannuna, na zaci wata babbar wasiyya ce. Ashe tumatir! "'Yar nan, ki kula min da su. Su ke nan irin da ya rage." Bakwai ne a bayan kicin. Shekara ashirin tana cire iri daga nunannen, tana shanyawa a takarda.

Laraba, 5 ga Maris

Na zubar da gwangwanayenta uku da ke kan taga. Ɗaya ɓawon ƙwai, ɗaya ɓawon albasa da tafarnuwa a jiƙe, ɗaya ganyen shayi da ɓawon ayaba. Shekara huɗu ina haƙuri da warin nan. Yau kicin ya zama kicin. Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Lahadi, 16 ga Maris

Wani abu na cin ganyen tumatirin. Dodon koɗi a gindi, wasu ƙananan ƙwari kore kuma sun manne a bayan ganye. Tumatir biyu sun kwanta. Saura biyar.

A asibiti ta tambaya, na ce lafiya lau suke. Ta daɗe tana kallona.

Talata, 18 ga Maris

Na ce ai shara shara ce, me Inna ta sani da ban sani ba? Na kwashe ragowar abincin jiya, da mansa da gishirinsa, na juye a gindin biyu.

Juma'a, 21 ga Maris

Garin neman gira na rasa ido. Tururuwa ta yi gari a wurin, ɓera ya tone saiwar. Saura uku.

Baban yara ya ce, "Ke da kike wuni sayar da magani a kanti, tumatir ya gagare ki?" Shi dariya yake yi. Ni kuwa tsoro nake ji, da gaske. In suka mutu, da wane ido zan kalle ta?

Asabar, 22 ga Maris

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka, har gwangwanayen. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ta ce, "Na sani tun ranar Lahadi. Ba ki iya ƙarya ba, kunnenki kike sosawa."

Sai ta shiga lissafo min, ina rubutawa a bayan takardar magani. Ɓawon ƙwai a wanke, a shanya, a farfasa, kada a daka ya yi gari, a zagaye gindin da shi. Ruwan ɓawon albasa ya kwana biyu, a tace, a yayyafa a bayan ganye da yamma. Ganyen shayi da ɓawon ayaba a binne nesa da saiwa, a bar su su ruɓe. "Mai da gishiri kuwa, ƙasa ba suruka ba ce da za ta haɗiye duk abin da aka ba ta." Har matar gadon kusa sai da ta dara.

Litinin, 24 ga Maris

Na roƙi ɓawon ƙwai wurin maƙwabciya. Ni!

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ɗaya ya ƙara tafiya, dama ya riga ya yi nisa. Biyun sun miƙe. Ƙwarin sun ragu, ragowar da yatsa nake murje su kafin in tafi aiki. Akwai 'ya'ya huɗu, kore shar, ba su wuce ƙwan tattabara ba. Na ƙirga su sau uku.

Warin albasar yana nan yadda na san shi. Na dai samo murafe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kama baban yara zai jefa ɓawon ƙwai a kwandon shara. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ya tsaya da ɓawon a hannu, ya ce, "Ikon Allah, Inna ta dawo ban sani ba."

Lahadi, 20 ga Afrilu

An sallamo ta shekaranjiya. Yau ta dogara sanda, na riƙe ta har bayan kicin. Ta wuce gurbin biyar ɗin da suka mutu. Ta tsinke jan guda ɗaya, ta matse 'ya'yan a kan takarda, ta baje su da babban yatsa. Sai ta yaga takardar biyu, ta miƙo min rabi.

Na ce, "Inna, ni me zan yi da shi?"

Ta ce, "Ni na sani? Gwangwanaye huɗu na gani a taga. Uku na bari."

Na huɗun na toka ne, maƙwabciya ce ta ce a gwada. Ba wai lambu nake so ba. Takardar dai na shanya ta a saman kabad, inda ɓera ba ya kaiwa, na kuma rubuta kwanan wata a gefe.