Furen da Ya Fi Bango Tsayi

Zuwa ga ƙanwata Delphine,

Bayan gaisuwa, da fatan hayaƙin Rochester bai shaƙe ki ba. Ga hoton furen da na tono a bakin rafi bara waccan na dasa a lambuna. Ya fi mijina Orrin tsayi, kan furen fari fat kamar lema. Maƙwabciyarmu matar Pruitt mai taƙama da wardinta kullum sai ta leƙo ta shinge, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Bana kyautar lambu ta garinmu tawa ce.

Yayarki,
Lorna

Yaya Lorna,

Ina gaishe ki. Wannan ba fure ba ne, muguwar ciyawar nan ce, hogwid. Ruwanta ya taɓa fata, rana ta haska wurin, sai ƙuna kamar an watsa tafasasshen mai. Matar Pruitt ba hassada take ba, jikokinta take ji wa tsoro. Ki kira ma'aikatan gunduma. Na san dai kunnen ƙashi gare ki tun muna yara.

Delphine

Delphine,

Gaisuwa. Ke da ko tukunyar na'ana'a a taga ta gagare ki, yau ke ce malamar lambu? Sannu, likita! Ranar Asabar za mu yanko shi mu ƙawata rumfar coci. Ki zo ki ga yadda ake abu.

Lorna

Yaya,

Shiru tun Yuli. Na buga waya, kin ƙi ɗauka. A bakin matar Pruitt na ji cewa Orrin ya rungumo karan furen ba riga, da tsakar rana, ya share gumin idonsa da hannunsa. Ta ce ma'aikatan gunduma masu fararen kaya sun zo sun tone lambun kaf, an kafa allon gargaɗi a ƙofarki. Bawan Allah, shekara arba'in yana yi miki "to", ga sakayyarsa. Ya idonsa?

Delphine

Delphine,

Na hagun ya tafi. Na daman, likita ya ce sai an gani. Orrin bai ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya, gara ma ya zage ni.

Ranar Laraba za a sake duba shi, kuma ni ma na ƙone, hannuwana a naɗe suke da bandeji, ba na iya riƙe sitiyari. Ki zo da motarki. Bakinki kuwa ki bar shi a Rochester.

Yayarki,
Lorna