Masarar Baba Ta Yi Ɗigo-ɗigo

Daren Laraba, Wurogauri

Yau muka ɓare masarar da na shuka da irin da marigayi Baba ya bari. Fara ce fat tun muna yara, amma bana ta fito da ɗigo-ɗigon ja. Yaya Umaru ya wurgo mini ɗaya, ya ce, "Mi ka yi da irin Baba? Saida shi ka yi, ka shuka wani!"

Na kai wa malamin gona a Kalgo. Ya ce wasu ƙwayoyin gado kan tashi da kansu su sauya wuri cikin iri, sai launi ya canza.

Na gaya wa Yaya. Dariya ya yi, ya ce kada in sake kusantar rumbu. Ya Allah, wa zai yarda masarar ce ta canza, ba ni ba?