Fom Ɗin Baba Mai Agogo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina cewa na rame, ai ba ta gan ni ba.

Kin tambaye ni wane irin aiki na samu a asibitin ido, ni da ko allura ban iya riƙewa ba. Ba na taɓa idon kowa. Gida-gida nake bi da fom mai tambaya ashirin da biyar, ina neman waɗanda suka haura shekara hamsin. Kina iya zura zare a allura? Kina gane fuskar mutum daga tsallaken titi? Kina zuba ruwan zafi a kofi ba ki ƙona hannu ba? Kowace amsa da makinta, daga "babu wahala" har zuwa "ba na iyawa sam".

Dakta, shugabarmu, ta ce masu raba kuɗin lafiya ba sa jin "mutane na shan wahala", lamba suke so. Sai an nuna musu yawan sauƙin da aikin yanar ido yake kawo wa mutum, a gwada da na tabarau, a gwada da na sauran cututtuka, kafin su saki ko sisi. Kuma duk wanda makinsa ya nuna yana wahala, ana sa shi a jerin waɗanda za a duba kyauta.

Tambayar ƙarshe ce ke ba ni wuya: in shekara goma ta rage maka a duniya, nawa za ka sadaukar a mayar maka da ganinka garau? Wata tsohuwa ta ce ko ni aka ba ajiyar kwanakinta, ta rako ni da tsintsiya har bakin ƙofa. Tun ranar nake tsallake tambayar, in cike da kaina a hanya. Mutum goma sha biyu ake so a yini, kowane fom kuwa yana cin minti arba'in. Kada ki gaya wa maigidanki, shi da ya yi mini hanyar aikin.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, kuma faɗan da kika yi mini ya yi kaɗan, don ban gaya miki duka ba. Ba tambaya ɗaya kawai nake cikewa ba. Fom goma sha bakwai na cike daga sama har ƙasa, ban yi magana da masu su ba.

Ɗaya daga ciki na wani dattijo ne mai gyaran agogo a layin bayan kasuwa. Ranar da na je, daga bakin titi na hango shi zaune a bayan kanta, da ƙaramin madubin nan a saƙale a ido, ya sunkuya a kan buɗaɗɗen agogo da siririn sukudireba. Na ce a raina, wanda yake ganin hanjin agogo me zai dame shi? Na tambayi mai shagon kusa sunansa da shekarunsa, na zauna a benci na jera masa "babu wahala" tun daga ta ɗaya har ƙasa.

Shekaranjiya Dakta ta zari fom biyar daga tarin namu, ta ce za ta koma ta ji da kunnenta. Nasa ne na uku. Da ni aka tafi.

Yaya, muna shiga shagon na san na shiga uku. Na miƙa masa hannu, ya miƙo nasa gefe, ya kama iska. Agogon da ke gabansa wanda na gani ne mako biyu da suka wuce, ƙura ta kwanta a cikinsa. Agogunan bango kuwa kowanne da lokacinsa. Dakta ta lura, na ga ta lura. Ta ce, "Baba, wannan ma'aikacin namu ya zo wurinka kwanaki?" Sai ta fara karanta masa amsoshin da aka ce nasa ne, ɗaya bayan ɗaya. Karatu, babu wahala. Hawa matakala, babu wahala. Gane fuska, babu wahala.

Sai dattijon ya juyo wajen da yake jin numfashina, ya ce, "Ƙwarai ya zo. Haka na gaya masa. Yaron kirki ne, har ruwa na ba shi."

Dakta ta dube shi, ta dube ni, ta rufe fayil ta yi masa godiya. A mota ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Mutumin da ban taɓa yi wa sallama ba ya rufa mini asiri, kuma rufin da ya yi ya cire shi daga jerin dubawa. Ki yi mini addu'a, amma kada Inna ta ji tukuna.

Naki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, jira nake in sami abin da zan iya rubutawa ba tare da na yaga takardar ba.

Na koma shagon ni kaɗai, na gaya masa gaskiya, har da bencin da na zauna. Ya ce in tura ƙofa. Shekara uku ke nan, in ji shi, ba ya ganin allurar agogo. In an kawo gyara sai ya karɓa, ya shafa, ya ce a dawo jibi, da rana ya lallaba ya kai wa wani da ya koya wa sana'ar tun da daɗewa, wanda yanzu yake da nasa shagon. Matarsa ba ta sani ba, 'ya'yansa ba su sani ba. Madubin da yake saƙalawa don masu wucewa ne. Ya ce, "Ba kai na rufa wa asiri ba, ɗana, kada ka ɗauki alhakin da ba naka ba. Shugabar nan taku ta tambaye ni ƙofa a buɗe, maƙwabcina yana jin mu."

Na ce duk da haka zan yi masa tambayoyin yadda ya kamata. Muka yi awa biyu. A kan gane fuska ya ce jikarsa ta fari wata takwas gare ta, kowa na cewa da shi take kama, shi kuwa sai dai ya ce haka ne. A tambayar shekaru na ɗauka zai kore ni. Ya ce in rubuta huɗu, sai ya ce a'a, in mayar biyar, don bai ga amfanin tsawon kwana ana zaune ana gadin mataccen agogo ba.

Washegari na kai wa Dakta fom ɗin, tare da lambobin sauran goma sha shida. Ta ce tun a shagon ta gane, jira take ta ga ko zan kawo kaina. Ta nuna mini a kwamfuta yadda ƙaryata ta ɗaga makin layin gaba ɗaya, har ya zama kamar mutanen wurin ba su da wata damuwa da ido. Da haka rahoton ya tafi, da an ce aikin bai cancanci kuɗinsa ba a wurinsu. An zubar da duk fom ɗin da na taɓa, har na gaskiyar, abokan aikina za su sake bin gida ɗari da wani abu a cikin zafin ranar nan. In na shiga ofis sai hira ta mutu. An sallame ni daga aiki ranar Alhamis. Ki bar ni in gaya wa maigidanki da bakina, ranar Asabar ina tafe.

Dakta ta mayar da sunan Baba mai agogo cikin jerin, an duba shi. Yanar ido ce a duka idanun biyu, kuma likita ya ce na dama zai gyaru, na hagu sai an gani. Jiya aka yi na daman. Ni ya ce in raka shi, don har yanzu bai gaya wa gida ba, ya ce musu sayen kayan gyara ya tafi. Na roƙe shi ya gaya musu, ya ce in bari ya ga fuskarsu tukuna, ya san da wace kalma zai fara.

A wajen rajista nas ta ce sai an rubuta dangantakar mai rakiya. Ta tambaye shi, "Baba, ɗanka ne?" Na sunkuyar da kai. Ya lalubo kafaɗata ya dafa, ya ce, "A'a, 'yata. Rubuta abokin sana'a. Tare muka yi ƙarya, shi ya riga ni tuba."

Gobe da safe za a cire masa bandeji. Ya ce in tsaya daga gefe, kada in zama abin da zai fara gani.

Ki gaida Inna da yara, ki gaida maigidan. Sai na zo.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Auta