Bayana Ɗaya, Jarirai Biyu

Inna Azumi, don girman Allah ki taimake ni, kada ki jefa saƙona cikin waɗanda za ki duba wata mai zuwa. Ban da wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan bai yi mini dariya ba.

Ni 'yar ƙasar Damagaram ce. Mun zo Tamanrasset ni da mijina Tahiru ina da ciki, a nan na haifi ɗiyata Munawwara, yanzu watanta biyar. Tahiru lebura ne a shantiye, wurin wani gini can hanyar In Ekker, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba. Ni kuma da na yi arba'in na samu aikin wanki da shara a gidan wasu Larabawa 'yan arewacin ƙasar nan da aikin buro, wato ofis, ya kawo mijin. Matar gidan Madam Khalida ake ce mata. Tana da jariri, Yunus, ɗiyata ta ɗan girme shi.

Yaron nan ba ya barci sai a jikin mutum. An saya masa gado mai lilo, mai kiɗa, har da 'yar fitila, amma da bayansa ya taɓa katifa sai ya ƙwalla ƙara kamar an ɗora shi kan garwashi. Uwar kuma aiki aka yi mata aka ciro shi, ɗinkin bai warke da kyau ba, ba ta iya daɗewa da shi a hannu. Wata rana na tarar yana kuka tana kuka, tausayi ya kama ni. Na kwance Munawwara na shimfiɗe ta, na saɓa shi a baya na ɗaure. Kafin in gama goge falo ya yi lakwas. Wallahi da na san abin da na jawo wa kaina, da na bar su sun yi ta kukansu har maƙwabta su taru.

Washegari Madam ta tarbe ni da sabon zane da sabulu mai ƙamshi. Na ɗauka kyauta ce, har na durƙusa ina godiya kamar sakarya. Ashe kayan aiki ne. Sai na yi wanka a banɗakin baya kafin in taɓa ɗanta, zanen kuma kada ya kuskura ya taɓa ɗiyata. Ta ƙara mini wani abu a kan albashi, ba zan ɓoye ba. Tun ranar Yunus ne a bayana daga safe har la'asar. Munawwara kuwa wurinta kwalin taliya ne da na shimfiɗa wa tsumma, a ɗakin wanki, kusa da mashin ɗin wankin kaya. Ita ma fa goyo ta sani, tun da aka yi sunanta ba ta taɓa barcin rana a ƙasa ba.

Makonnin farko ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ina falo ina jijjiga ɗan wata, ina jin tawa ta bango, nono na zuba yana jiƙa mini riga. In kukan ya dami Madam sai ta ja ƙofar ɗakin wankin ta kunna mashin, ko da tawul biyu ne a ciki. Na roƙe ta da ɗan Larabcin da na tsinta ta bar ni in riƙe ɗaya a gaba ɗaya a baya, yadda masu tagwaye ke yi a garinmu. Ta ce ɗiyata na da majina, za ta shafa wa ɗanta. Ta ce kuma ita ba rabin baya take biya ba. Shayarwa ma a tsaye nake yi, in sunkuya kan kwalin da yaron a bayana, don in na zauna ya farka ke nan.

Ga abin da ya hana ni sukuni yanzu. Munawwara ta daina kuka. Gashin ƙeyarta ya goge, ƙeyar ta fara bajewa. In na shiga ba ta ɗago hannu, bango take kallo. Nonon ma sai ta ja kaɗan ta saki. Kowa kuma yabo yake yi! Madam ta kawo ƙawayenta har ɗakin wanki tana nuna musu, wai su ga yadda 'ya'yanmu suke da haƙuri tun suna tsumma, ba irin nasu ba. Ɗaya ma ta ɗauke ta hoto da waya. Ni kuma na tsaya da ɗansu a baya ina washe baki, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Da Tahiru ya zo na faɗa masa, sai ya yi tsaki. Ya ce shi ma siminti yake ɗauka a bayansa na gidajen da ba zai taɓa kwana a ciki ba, yana kwana cikin sanyin nan ƙarƙashin leda, bai kai ƙara wurin kowa ba. Wai yarinya ta yi hankali ni kuma ina neman fitina. In na bar aikin, in ji shi, in nemi kuɗin motar komawa gida da kaina.

Maƙwabciyata Mairama ce ta ce in sayi siro, maganin mura na ruwa, a farmasi, irin mai sa barci, in riƙa ɗiga wa Yunus a ɓoye, in ya yi nauyi in ajiye shi in ɗauki tawa. Na saya, Inna. Kwalbar na cikin jakata, ban buɗe ba tukuna. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, na tsani yaron nan. Yana ganina sai ya bangale baki yana dariya yana miƙo hannu, abin da ɗiyata ta daina yi. Wani lokaci in ina ɗaure zanen sai in ji hannuna na so ya ƙara ja. In ba shi maganin? In ba haka ba, ya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Uwar Goyon Haya, Tamanrasset

AMSAR INNA AZUMI

Ɗiyata, Allah ya yaye miki. Kafin ki karanta sauran, tashi ki tuttular da kwalbar nan a masai. Maganin da ke sa babba gyangyaɗi yana iya tsayar da numfashin jariri, kuma ba ki san iyakarsa ba, Mairama ma ba ta sani ba. In yaron ya kwanta bai tashi ba, ba ita za a zo nema ba. Ke za a tafi da ke, Munawwara ta rasa har kwalin. Ranar da kuma kika ji hannunki na son ƙara jan zane, kwance shi, miƙa wa uwarsa, ki fita tsakar gida ki sha iska. Yunus bai ɗauke ki aiki ba, bai rufe ƙofa ba. Barci kawai yake nema, kamar taki.

Na biyu, shirun ɗiyarki ba haƙuri ba ne, kuma ke ma kin sani, shi ya sa kika rubuto. Ta yi ta kira ba a zo ba, ta daina. Jaririn da ya rage shan nono, ya daina miƙo hannu, likita yake buƙata, ba yabo ba. Gobe da safe, kafin gidan kowa, kai ta asibiti a auna nauyinta a duba majinar, ki faɗa musu gaskiyar inda take wuni. Kada kunya ta sa ki rage komai.

Madam Khalida ba zan mayar miki da ita shaiɗaniya ba. Mace ce da aka yanka, nesa da danginta, barci ya gagare ta, ta samu bayan da ya sama mata sauƙi ta riƙe shi da hannu biyu. Amma rufe ƙofa a kan jariri a kunna mashin don kada a ji shi, zalunci ne, ba shi da wani suna. Tahiru ma gajiyarsa gaskiya ce, tsoron rasa abin sawa a baki kuma ba wasa ba ne a ƙasar mutane. Sai dai shi babba ne, ya san me ya kawo shi, ɗiyarsa kuwa ba a tambaye ta ba. In ya dawo kada ki yi masa dogon bayani. Ɗora masa ita a cinya, ki ce ya sa ta dariya. In ya ƙi ganewa, kai maganar wurin malamin unguwarku.

Kin manta abu ɗaya: a gidan nan ke ake buƙata. Nemi wata dattijuwa cikin mutanenmu da ta iya Larabci sosai, ku je lokacin da mai gidan yake nan. Ba roƙo za ki je ba, ba kuma faɗa ba. Ki ce daga yau ɗiyarki a jikinki za ta wuni, in Yunus na baya ita tana gaba, in ya yi barci ita ce a baya. Ki faɗa musu abin da likita ya ce game da majinar. Sannan ki ba su mafita. Uban yana da ƙirji, ya riƙa ɗauka in ya dawo daga buro. Uwar in ta warke ki koya mata goyo. Su kai shi likita, don yaron da ke ƙwalla ƙara duk sanda aka kwantar da shi wataƙila abin da ya sha ne ke taso masa. A riƙe shi a tsaye bayan ya sha, a jira barcinsa ya yi nauyi, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, da tafin hannu a ƙirjinsa. Zai yi kuka kwanakin farko, kuma a wannan karon uwarsa ce za ta ji.

In sun ƙi, ajiye musu zanensu ki fito. Ba zan yaudare ki ba, za ki sha wuya, wataƙila Tahiru ya yi fushi, wataƙila ki yi kwanaki kina bin gidaje neman wanki. Amma duk gidan da za ki shiga, ki shiga da ita a baya, ki faɗa tun daga ƙofa cewa a bayanki take zama. Yunus yana da uwa da uba da gado mai kiɗa, kafin ya iya tafiya ya manta da ke. Munawwara ba ta da kowa sai ke, kuma ta fara daina jiranki. Ki je ki ɗauke ta tun tana iya komawa kuka.

Allah ya raya su duka biyun, ya ba ɗiyarki lafiya, ya buɗa miki ƙofar da ta fi wannan.

Inna Azumi