Inna, Ranar Da Likita Ya Durƙusa Gabanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza,

Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Jiya na bi ta Tunga, na tarar gidanmu ya zama shaguna. Sai na tuna shekarar da tarin fuka ya kama ki, lokacin yaƙin basasa, jiragen ƙasa na wucewa maƙare da sojoji. Kullum da safe nakan raka ki asibiti a yi miki allura.

Tarin ya lafa, amma kunnenki ya fara mutuwa. In kira ki daga bakin murhu, ba ki juyowa. Kina tafiya kina dafa bango.

Unguwa ta ce sammu ne, aka ɗora wa Mama Saratu, maƙwabciyarmu mai kawo miki kunu. Baba ya hana mu shiga gidanta. Ta gaishe mu a bakin rijiya, mu kau da kai. Kin daina ambaton sunanta, amma na sha ganinki kina kallon katangarta.

Da muka koma asibiti, likita ya duba ki, ya yi jim. Baba ya ce, "Ni za ka gaya wa, ba ta ji." Ya ce, "A'a, Malam, jikinta ne." Ya durƙusa, ya matso kusa da kunnenki na hagu mai ɗan saura, ya ɗaga murya: "Mama, allurar ce. Kin gaya mana kunnenki na ƙugi, ba mu dakatar ba. Laifinmu ne, kuma jin ba zai dawo ba. Ki yafe mana."

Kika sa ya maimaita. Hawaye na zuba kika ce, "Ashe ba Saratu ba ce."

Ko mayafi ba ki cire ba kika wuce gidanta. Kuka rungume juna a tsakar gida, kuna kuka har kajinta suka watse.

Baba ya so a daina zuwa asibitin. Kika ce, "Wanda ya gaya mini abin da ya ɓata, shi zan ba amanar sauran jikina." A hannunsa kika ƙarasa magani, kika warke, kika goya jikokinki duk da ba ki taɓa jin kukansu ba.

Inna tawa, ina kewarki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya jiyar da ke sallamar mala'iku da kunnuwanki biyun. Amin.

Taki har abada,
Binta