Hannun Rigar da Hilda ta Saƙa

Filey, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Maureen,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Doris maƙwabciyata ke rubutawa, na hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Suwaitar kanti da kika aiko ta iso, da guntuwar jarida mai cewa gansi, rigarmu ta masunta, daga wani tsibiri wai shi Guernsey sunanta ya fito. To, na ji. Shekara arba'in ina sa ta a teku, ba wanda ya tambaye ni. Tawa dai daga hannun mahaifiyarki Hilda ta fito, Allah ya ji ƙanta.

Abin da ya ci mini rai, cewar da kika yi a jefar da rigar tawa don bakin hannun ya cinye. Kin manta daga kafaɗa ake saƙo hannun gansi zuwa ƙasa, don in bakin ya mutu a warware shi a sake? Ba sai kin zo ba. Wanda ya ɗinke raga ba zai kasa wannan ba.

Mahaifinki,
Wilf

Filey, 12 ga Maris

Maureen 'yata,

Ina gaisuwa. Yaya tarin nan naki?

Na yi ɓarna. Na ja zaren kamar igiyar jirgi, kafin in farga ya zame har gwiwar hannu. Doris sai dariya take, wai tsoho ya mayar da riga shimi. Ita ko maɓalli ba ta iya sawa.

A wurin warwarewar na tarar da mahaɗin zare uku, kowane da irin shuɗinsa. Ashe sau uku uwarki ta sabunta hannun nan ba ta faɗa ba, ni kuwa ina yawo ina cika baki wai rigata ba ta tsufa. Akwai silin gashinta fari a cikin na ƙarshen. Nan na tsaya.

Na shimfiɗa rigar a kan tebur, ko shayi a tsaye nake sha don kada ta motsa. Ke kaɗai uwarki ta koya wa wannan saƙa. Maganar da na yi a baya cewa ba sai kin zo ba, ki bar ta.

Motar Lahadi tana isowa da ƙarfe sha ɗaya. Zan tsaya a tasha, ko kin zo ko ba ki zo ba.

Babanki,
Wilf